Faretin Safe a Ɗakin Malam Tanko

Duk wanda ya taɓa zama kusa da ɗakin Malam Tanko a Mpape ya san ba a bukatar zakara, ba a bukatar agogo. Da gari ya yi haske za ka ji murfin akwatin ƙarfe ya yi ƙiii, sai tari biyu, sannan wata murya kamar ta mai tallan kalanzir ta keto langa-langa:

"Fareti! Atanshan!"

Sai ya shimfiɗa tsohon bargo, ya jera lambobin yaƙinsa sahu-sahu. Shi minda yake ce musu, irin na tsofaffin sojoji, kuma in ka ce kwalliya ko tsaba sai ya yi kwana uku bai gaishe ka ba. Ya buɗe littafi, ya lashi fensir, ya fara kiran suna.

"Kofur Garba Katagum!"

Ya canja murya ya amsa wa kansa: "Ga ni, sa!"

"Farabiti Musa Yola!"

"Ga ni, sa!"

In kuwa ya zo kan sunan wanda ya riga ya gano danginsa ya mayar musu da kayansu, sai ya sassauta murya ya ce, "Ya koma gida." Ya yi alama da fensir, ya wuce na gaba.

Ni ne Iro Direba, don waɗanda suka manta da ni tun da na daina ba mutane lif. 'Yan majalisarmu ta 'yan fansho ne suka ce in rubuta wani abu a kan marigayi. Na ce musu aji huɗu na yi, shi ma rabinsa a bakin taga. Suka ce ai shi ya sa, masu digiri za su cika takardar da Turanci har Tanko ya ɓace a ciki. To ga shi na rubuta. Inda na yi daidai ilimina ne, inda na yi kuskure laifin biro ne.

Abu na farko da ya kamata tarihi ya sani shi ne, wannan mutum da ya yi shekaru yana ba da oda kowace safiya bai taɓa riƙe bindiga ba, ko ta harbin gafiya. Ba don bai so ba. Sau uku yana zuwa wurin ɗaukar soja a garinsu, Zariya, yana saurayi. A zuwa na uku sai da ya yi wata guda yana cin tuwo malmala huɗu. Ya tuɓe riga, ya ja iska ya cika ƙirji har idanunsa suka yi ja. Sajan ya zagaya shi da tef, ya duba, ya girgiza tef ɗin ko ya lalace, ya sake aunawa, sannan ya ce:

"Yaro, tsakaninka da Allah, a ina kake ajiye numfashi?"

Shi ya ba ni labarin da bakinsa, kuma ya yi nadama, don ni Bakano ne shi Bazazzagi, ban bar shi ya huta ba har ya koma ga Allah. Kwamanda nake ce masa. Shi kuma ya ce, "Bakano, kai da ko faretin makaranta ba ka gama ba."

Da soja ta ƙi shi sai ya zama akawu a Legas, a ɗakin fayil na ma'aikatarmu, ɓangaren da ke ajiye takardun tsofaffin sojoji. A can ciwon minda ya kama shi. Yana ganin tsofaffi suna zuwa daga Arewa da minda a ƙulle cikin tsumma, a yi ta ce musu su dawo gobe, har guzuri ya ƙare su kai ta wurin maƙerin azurfa don su samu na mota. Ta farko da ya saya daga bakin wuta ya ƙwato ta, saura kaɗan ta zama zoben wani ɗan kasuwa. Daga nan ba maƙeri, ba ɗan gwangwan, ba mai tsofaffin kaya da bai san shi ba. Amma fa ba tarawa ce ta dame shi ba. Maganarsa kullum ɗaya ce: "Ƙarfe ba komai ba ne, mai ƙarfen nake nema." Sai ya bi lamba zuwa fayil, fayil zuwa gari, gari zuwa gida. In ya samu jika ko ƙane, ya miƙa, ya sara, ya dawo da aljihu wayam yana murna kamar an yi masa ƙarin girma.

Shekarar da aka ce kujerar mulki ta tashi daga Legas ta koma Abuja, ni aka ba babbar motar da za ta kwaso fayilolinsu, da izinin kowane ma'aikaci ya ɗora kaya gwargwado. Mutane suna ta kokawar cusa firji da kujeru. Na leƙa na ga Tanko ya sauke gadonsu ya jingine da bango, ya ɗora akwatin ƙarfe a gurbinsa. Matarsa Rabi, mace mai haƙuri amma bakinta ba ya kwana da bashi... af, na ce bakinta ba ya ajiye magana, ta riƙe ƙugu.

"Malam, a kan me za mu kwana a can?"

"Rabi, mutanen da ke cikin akwatin nan a cikin taɓo suka kwana a Burma."

"To ai su an ba su lamba. Ni me aka ba ni?"

Ya hau baya ya zauna a kan akwatin, ya ce shi ba zai shiga gaba ba, kwamanda ba ya barin mutanensa.

Kusa da Lokoja muka tarar da shingen sojoji. Wani kofur mai jan ido ya zagayo ya buga akwatin da bakin bindiga.

"Baba, wetin dey inside?"

Ni na riga na fara lalubar abin goro a aljihu. Tanko ya ce a'a, a buɗe, ai dama ya daɗe yana neman wanda zai nuna wa. Ya shimfiɗa bargo a gefen kwalta. Ya ɗauki ta farko, ya faɗi sunan mai ita, da garinsu, da inda aka ɗauke shi, da jirgin ruwan da ya shiga, da ciwon da ya kama shi a daji, da sunan matar da ya tarar ta yi aure da ya dawo. Ya ɗauki ta biyu. Motoci suka yi layi a bayanmu har inda ido ya ƙare. A ta tara kofur ya fara sauya ƙafa. A ta goma sha biyu ya cire hular kwano ya share gumi.

"Baba, ya isa. Ku tafi."

"Saura talatin da ɗaya, ɗana."

Kofur ya juyo gare ni kamar zai yi kuka. "Direba, abeg, carry your papa go!"

Jama'a, tun da nake tuƙi ranar ce kaɗai soja ya roƙe ni in wuce. Daga nan har Abuja duk shingen da muka hango sai in leƙo in ce, "Kwamanda, shirya bargo." Sisi ban kashe ba.

Abujar da muka tarar ba wannan ba ce da kuke gani. Titi ne faɗi-faɗi ba motoci, gini rabi, ciyawa rabi, ga duwatsu suna kallonmu. Aka zuba mu a wani masauki na wucin gadi, iyali biyu ɗaki ɗaya, labule a tsakani. Allah da ikonsa, ni da Tanko aka haɗa. Nan na san faretin safe da kunnena, nan kuma na san maƙonsa. Kai! Mutumin nan bai taɓa sayen man goge ƙarfe ba. Toka yake ɗiba a murhun Rabi, ya je wurin mai shayi ya tsaya yana jiran wani ya matse lemun tsami ya yar, ya tsince. Littafinsa kuwa bayan tsofaffin sanarwar ofis ne ya ɗinke da zare. Fensir in ya gajarce ya cusa shi a murfin biro ya ci gaba. Na taɓa ce masa, "Kwamanda, rundunarka ba ta da kasafi ne?" Ya ce, "Ba ta da ɓarawo dai."

Wata Asabar na raka shi kasuwar Wuse, muka tarar da taro. Wani ƙato ne da kakin soja na gwanjo, ƙirji cike da minda, yana tallan maganin basir. Kaftin yake kiran kansa. Wai a fagen fama ya samo sirrin maganin. Tanko ya ratsa mutane, ya sa tabarau, ya matsa har hancinsa na taɓa maɓallin mutumin.

"Sannu da aiki, Kaftin. Shekarunka nawa?"

"Arba'in da biyar, Baba. Ga lafiya, duk aikin maganin nan ne."

"Masha Allah. To wannan ta hagun ta yaƙin Jamus na farko ce. Ka je ka dawo shekara talatin kafin a haife ka. Lallai maganin yana aiki."

Kasuwa ta fashe da dariya. Kaftin ya sunkuyo yana raɗa, "Baba, rufa mini asiri, abinci nake nema." Suka koma gefe suka daidaita, Tanko ya karɓi guda biyu masu suna a gefensu. Akwai wata babba mai sheƙi, ita ce ma ta fi kyau, ya juya ta ya mayar masa.

"Wannan riƙe abarka. Ta nunin amfanin gona ce, ga hoton bijimi nan. Ba ta da magada."

Ku riƙe bijimin nan a ranku, zai dawo.

To, a lokacin ba abin da ake magana a ofis sai jerin gidaje. An gama wasu a Garki, ɗaki biyu da falo, ga famfo a cikin gida, ga wuta. Wanda ya shiga jerin ya haye, wanda bai shiga ba ya nemi inda zai kai iyalinsa. Tanko ya cancanta ta kowace fuska, shekarunsa a aiki sun fi na kowa a ɗakin fayil. Rabi har ta je ta leƙa ta taga ta zaɓi kusurwar da za ta ajiye keken ɗinki. Sa hannun mutum ɗaya ya rage: Oga Darakta, wanda ni nake tuƙawa a lokacin.

Shi Oga, a Legas kullum labarinsa kakansa babban ɗan kasuwar gyaɗa ne. Da muka zo Abuja ya ga masu kaki ne a sama, su ke shiga ofis ba sallama, sai ya tuna ashe kakan nasa ya je Burma. Abin da ya rage masa shaida ce da zai rataya a bango. Ya ji labarin akwati, ya sa aka kawo.

Ya bi su da kallo yana taɓe baki, duk masu suna ya ture. Sai idonsa ya faɗa kan wani tauraron tagulla da Tanko ya samo kwanan nan wurin 'yan gwangwan a Idu, cikin gwangwanin taba da ya lotse. Irin waɗannan na Burma Bature bai rubuta sunan kowa a jiki ba, haka ya raba su kamar goro.

"Yauwa, wannan. Ba suna, ta kowa ce."

Tanko ya juya bayan tauraron. Wani ya karce lambobi biyar da ƙusa, a karkace, irin rubutun wanda bai taɓa riƙe alli ba.

"Ranka ya daɗe, mai ita ya sa hannu."

Oga ya yi murmushi ya ɗaga biro. "Ni ma ina da hannu, Malam Tanko. Ranar Litinin nake sa shi a jerin gidaje. Je ka yi tunani."

Da yamma ina bayan labule ina jin komai, don labule ba ya riƙe sirri. Rabi ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. A hankali ta ce, "Malam, shekara ashirin ina bin layin famfo da bokiti. Ban taɓa ce maka ka sayar da ko ɗaya ba. Wannan ɗin ko sunansa ba ka sani ba."

Can ya ce, "Ki ba ni zuwa Lahadi. In ban samu mai ita ba, Litinin zan kai wa Oga da hannuna."

Kun ga inda aka tsaya: in ya samu, ba gida. In bai samu ba, ga famfo. Yau da tsufana zan faɗi gaskiya, ni da Rabi muka haɗa baki. Ta cika mini kwano da waina ta ce, "Malam Iro, kai ka san hanya. Ka san kuma yadda ake ɓata." Na ce ta kwantar da hankalinta. Na gaya wa Oga motarsa tana wani ƙara, sai ta kwana biyu a gareji. Wato da motar Oga da man Oga muka fita neman abin da zai hana Oga.

Kafin nan Tanko ya shiga fayilolin da na kwaso daga Legas da hannuna, ya fito da ƙura har gira. Lambar ta fito. Sunan da ke gabanta: Audu Gwari. Na ce to alhamdu lillahi, an gama. Ya ce an fara dai. Wai akawun Bature in mutum ya faɗi sunan da ya fi ƙarfin kunnensa sai ya rubuta Audu, ya ƙara da ƙabila. Audu Gwari kaɗai ya cika shafi ya juya baya. Su kuwa mutanen ko Gwari ba sa ce wa kansu, Gbagyi suke cewa. Abin da ya taimaka, an rubuta sunan ƙauye.

Muka bi kwatance, na yi iya ƙoƙarina na ɓata sau biyu, amma a Abujar lokacin titunan ba su da yawan da mutum zai ɓata da mutunci. Muka isa. Ba ƙauye, ba bukka, ba ko turmi. Shataletale ne sabo fil, da furanni. Wani mutum yana ba su ruwa da tiyo. Tanko ya tambaye shi.

"Nan ne," in ji shi. "Ka ga fitilan can? Ɗakin mamana yana wurin. An kwashe mu. Wasu suna bayan Dutse, wasu sun yi hanyan Bwari."

Ranar Asabar muka yi ta yawo. Duk inda muka tsaya Tanko ya ce, "Kun san wani Audu da ya je soja?" sai a kalli juna a girgiza kai. Ni kuwa ina ta tasbihi a zuci, ba na alheri ba. Na ce mai ya kusa ƙarewa, ya leƙa ya ce allura tana rabi. Na ce taya tana zafi, ya ce a zuba mata ruwa.

Lahadi da hantsi muka isa wani sabon matsuguni a hanyar Bwari, gidajen bulo ƙanana a jere kamar akwatunan ashana. An taso daga coci, dattawa suna zaune a inuwa. Tanko ya gaishe su har ƙasa, sai na ji ya canja salo. Bai ambaci Audu ba sam.

"Iyayena, a tsohon garinku, wa ya fara sa takalmi mai igiya? Wa ke shan ruwan zafi da safe ko ba ya ciwo? Wa ke ninke bargo kusurwa huɗu? Wa ke yi wa yara tsawa da wani yare da ba naku ba, ba Hausa ba, ba Turanci ba?"

Wani tsoho mara haƙori ya buga sanda a ƙasa ya ƙyalƙyale.

"Jaldi! Wannan ai Jaldi ne!"

Duk suka ɗauka. Wai tun da ya dawo daga yaƙi, a gona ko a gida, ba abin da yake cewa sai "jaldi, jaldi," wato maza-maza da yaren Indiya, har sunan ya bi shi. Sunansa na gaskiya Shekwolo. Ya daɗe da rasuwa. Amma 'yarsa tana nan, a kira Ladi.

Ni dai na fara lissafin yadda zan biya Rabi wainarta.

Ta zo, dattijuwa gajera da zanen matan coci. Tanko ya dunƙule tauraron a hannu ya ɓoye a baya, don shi ba ya bayarwa sai da shaida, ko uwarsa ce.

"Mama, an ce babanki ya yi soja. Akwai takarda? Hoto?"

"Ba komai, Malam. Duka yana cikin jinkan ɗakinsa, a gwangwani. Ranan da mota ya zo kwashe mu ina gona. Kafin na dawo an ture ɗakin."

"To ko kin san wani abu nasa na soja?"

Sai na ga ta ajiye jakarta a ƙasa, ta haɗe ƙafafu, ta manne hannuwa a cinya, ta ɗaga haɓa. Matar da ba ta taɓa shiga aji ba ta buɗe baki da Turancin bariki, da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya: "Fayif! Tiri! Nayin!" har ta cika biyar, ta rufe da "Sa!"

Tanko ya buɗe hannu ya duba bayan tauraron. Lambobin sun yi daidai, duka biyar. Ni kuma na ji gidan Garki ya rushe a ƙirjina, da famfonsa da komai.

"Kowane safe sai mun faɗa kafin a tafi gona," in ji ta. "Ya ce in ya ɓata, da wannan za a neme shi." Ta karɓa da hannu biyu, ta shafa karcen da babban yatsa. "Kabarinsa yana can inda motoci suna zagayawa. Ba mu iya ɗauko shi ba. Yanzu ga shi ya zo."

Tanko ya ja da baya taku uku ya sara mata, irin sarawar da ta jefar masa da hula. Ba wanda ya yi dariya, har ni. Aka kamo akuya za a ba shi, ya ce Allah ya kiyaye, ba ya karɓar lada. Na taka masa ƙafa, bai ji ba. Doya biyu dai ya yarda aka sa a but ɗin mota, wai don kada a ce ya raina.

Litinin muka shiga ofis, shi kamar mai zuwa ɗaurin aure, ni kamar mai zuwa kotu. Sai muka tarar Oga cikin fara'a, da baƙi, har da wani hafsa na gaske mai tauraro a kafaɗa. Ashe bai jira mu ba, ya aika masinja kasuwa. Ga firam a bango, da jan ƙyalle, da wata babbar minda tana sheƙi.

"Malam Tanko, ka huta da taka, ta kakana ta fito. Abin da nake so, ka rubuta mini tarihinta, shafi ɗaya, da bataliya da komai, a liƙa a ƙasa. Ka kawo kafin azahar, ni kuma ga biro."

Wallahi ƙofa ce Allah ya sake buɗewa. Shafi ɗaya! Na yi masa ido, na yi tari, na kusa faɗuwa. Ya ciro tabarau, ya matsa, ya daɗe yana kallo.

"Ranka ya daɗe, na san ta. Mun gaisa a kasuwar Wuse."

"Wato ka san yaƙin?"

"Nunin amfanin gona ne. Na ɗaya a kiwo. Ga bijimin nan, kan ƙyallen ya ɗan rufe ƙahonsa." Ya gyara tsayuwa da ladabi. "In kana so zan binciko maka shi, da garinsu, da wanda ya haife shi. Amma ba na jin ya je Burma."

Hafsan nan ya yi dariya har ya zame daga kujera.

Jeri ya fito ranar Laraba. Sunan Tanko ba ya ciki. Nawa ma ba ya ciki, don Oga ya duba mitar motarsa ya ga gareji ya yi nisa. Haka muka tattara muka hau dutsen Mpape, kusa da masu fasa dutse, inda in an tashi nakiya kwanonin Rabi ke yin nasu faretin. Ruwa kuwa sai an gangara.

Wata guda cur Rabi ba ta yi masa magana kai tsaye ba. Sai ta tsaya a kan akwati ta ce, "Kofur Garba, gaya wa kwamandanka tuwo ya sauka." Shi kuma ya ce, "Kofur, ka ce mata an gode." Ni a ɗakin da ke jingine da nasu ina cusa hula a baki.

Abin da ya sasanta su, da sabuwar doya ta fito sai ga mata shida sun hawo dutsen a jere, kowace da kaya a kafaɗa yadda matan Gbagyi ke ɗauka, Mama Ladi a gaba. Suka sauke a ƙofar Rabi har ta toshe. Rabi ta kalli doya, ta kalli mijinta, ta ce, "To. Ga tawa lambar ta iso." Daga shekarar ba a taɓa fashi ba. Ita da Ladi suka zama kamar 'yan ɗaki ɗaya, ɗaya ta je sunan jikar ɗaya, ɗaya ta je bikin Kirsimetin ɗaya. Ranar jana'izarsa kun ga Ladi da matan nan da idonku, su ne suka zauna can gefe a kan dutse har aka watse.

Famfo dai Rabi ba ta same shi ba. Kada wani ya ce muku labarin ya ƙare da famfo. Na taɓa tambayarta ko har yanzu tana jin haushi. Ta ce, "Kullum da na ɗauki bokiti. Amma da ya kai wa Oga, da ban san wa nake aure ba."

Bayan kwana bakwai ta kira ni ta tura mini akwatin. Na ɗauka da ƙarfi don na san nauyinsa tun Lokoja, sai ya taso kamar ba komai. Guda bakwai suka rage a ciki, waɗanda ya nema bai samu kowa nasu ba. Littafin kuwa shafi bayan shafi alamar fensir ce.

"Ka san ba su saba kwana ba a kira su ba," in ji ta.

Washegari na shimfiɗa bargon a ƙofar ɗakina, ina jin kunya kamar ɓarawo. Na yi tari biyu. Na kira su ɗaya-ɗaya ina amsawa, muryata ba ta kai tasa tsami ba amma na yi ƙoƙari. Da na zo ƙarshen shafi na ga akwai sauran layi ɗaya ba komai. Ban san abin da ya shiga kaina ba, na dai ji bakina ya ce:

"Akawu Tanko Zariya!"

Na kasa canja muryar. Na tsaya da fensir a hannu. Can daga bayan langa-langa, inda take hura wuta, na ji Rabi ta ce a hankali:

"Ya koma gida."

Na yi alamar.

Ya Allah, ga bawanka Tanko nan ya zo maka, ƙirjinsa bai cika tef ba, amma kai ka san abin da ke ciki. Ka yafe masa taurin kai, ka yafe mini wainar da na ci. Ya bi mutanen da aka rubuta da sunan da ba nasu ba har ya kai su ƙofar gidajensu, kai ma ka kira shi da sunansa, ka saukar da shi a gidan da ba a jiran sa hannun kowa. Ka ba Rabi haƙuri, ka shayar da su biyun daga ruwan da ba a bin layi. Amin.